Saƙon Da Malam Bai Rubuta Ba

Wata safiya cikin azumi, ina zaune a lungun shagonmu na Fagge, tsakanin tarin leshi da wata fanka da ba ta juyawa sai an ɗan mare ta, na ga magana iri ɗaya ta fito a kwamfuta ƙarƙashin sunan maza biyu daban. Na farkon wani mai sayar da wayoyi ne a Sabon Gari, ya aika wa budurwarsa leshi ruwan hoda. Na biyun dattijo ne ɗan fansho, ya aika wa matarsa turmin atamfa. Ga abin da kowannensu ya ce: "Hasken idona, ki ɗinka wannan ki saka ranar da zan zo. Idan na gan ki a cikinsa, ban san ko zan iya komawa gida ba."

Da mai hankali ce ta gani, da ta kira wanda ya haɗa shafin intanet na shagon ta nuna masa. Ni dafe ƙirji na yi. Ban ko tambayi kaina wane gida dattijon zai kasa komawa ba, alhali shi da matar gida ɗaya suke kwana. A lokacin ban daɗe da gama sakandare ba, kuma abin da na haddace a can bai wuce littattafan soyayya da muke karɓa haya muna karantawa a ƙarƙashin tebur ba. A cikinsu duk maza baki ɗaya gare su. Matuƙin jirgi, da ɗan attajiri, da likitan da ya dawo daga waje, kowa da hasken idonsa, kowa ba ya iya barci. Don haka da na ga maza biyu sun faɗi abu ɗaya, sai na ce ashe marubutan nan gaskiya suke faɗa mana.

Shagon na Alhaja ne. Bayarabiya ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta, kuma idan ta fara ciniki da Hausa sai Bakano ya nemi kujera. Ɗanta ya karanto kwamfuta, muna ce masa Injiniya, shi ma bai taɓa hana mu ba. Shi ya haɗa wa shagon shafin intanet, inda mutum zai zaɓi atamfa ko leshi ko shadda daga wayarsa, mu naɗe, a kai wa wanda yake so a Adaidaita Sahu. Akwai ɗan fom da ake cikewa: sunan mai aikawa, sunan mai karɓa, unguwa da lambar gida. Can ƙasa kuma akwai gurbin saƙon da za a sa a kati, an rubuta a gefensa cewa ba dole ba ne. Aikina shi ne in kwafe saƙon da hannuna a kan kati, don Alhaja ta ce takardar da inji ya buga kama take yi da ta asibiti.

Kafin wannan azumin aikin nawa ba shi da yawa, kuma abin yana ci mini rai. Mazan Kano ba sa cike wannan gurbin. Mutum zai sayi leshin da ya kusa karya masa baya, ya aika wa matar da yake so, amma kalma ɗaya ta gagare shi. Sai in rubuta "Daga wane", in zauna ina kallon farin katin, hannuna yana ƙaiƙayi.

Ana gab da azumi Injiniya ya ce ya yi wa shafin sabon tsari. Da, in ji shi, duk wanda ya aiko da fom sai manhajar da ke tafiyar da shafin ta tashi daga barci, ta yi masa aikinsa, ta koma ta kwanta. Yanzu kuwa a tsaye take yini, ba ta kwanciya tsakanin mai saye da mai saye, shi ya sa shafin ya ƙara sauri. Alhaja ta ce ita ma a tsaye take yini, ba wanda ya taɓa yi mata biki.

Daga wannan makon gurbin saƙo ya daina zuwa fayau. Kowa ya zama mai magana. Yawancin saƙonnin ba su da laifi: barka da shan ruwa, Allah ya kai mu Sallah lafiya, a gaida yara. An taɓa aika wa wata amarya da lallenta bai gama fita ba da a gaida yara, na ce addu'a ce. Amma hasken idona shi ne mai gari. Ya ɓace ya dawo, yau a bakin ɗan kasuwa, gobe a bakin ma'aikacin ƙaramar hukuma.

Ba wanda ya kawo ƙara. Matar da mijinta bai taɓa yaba ko miyarta ba, idan aka wayi gari ya ce mata hasken ido, ba za ta hau Adaidaita ta zo neman bayani ba. Dattijon nan ɗan fansho ma da kansa ya zo, ya daɗe yana shafa atamfofi, sannan ya rage murya ya tambayi Alhaja ko akwai wani turare da muke sa wa kaya, don tun da aka kai nasa gidan ya canza. Alhaja ta ce sirrin sana'a ne. Ya sayi wani turmin.

Na gaya wa Injiniya mutanen Kano sun koyi soyayya. Bai ɗago daga wayarsa ba ya ce ai dama abin da suka rasa kenan, shafi mai kyau.

Ana cikin haka aiken Malam ya shigo. Malamin Larabci ne a wata sakandaren gwamnati, ɗan gidan malamai da alƙalai, yana haya a Rijiyar Lemo. An sa ranar aurensa bayan Sallah da wata 'yar Fagge mai karatun jinya. Ya ga ya dace ya yi wa mahaifiyarta kayan Sallah kamar yadda mai neman aure yake yi, amma kunya ba za ta bar shi ya tsaya a kasuwa yana ɗaga zannuwan mata ba. Wani abokin aikinsa ya nuna masa shafinmu, inda ba mai ganin mutum. Duk wannan daga baya na sani. Abin da na gani a ranar shi ne atamfa mai duhu irin ta manya, sunan mai karɓa da Hajiya a gabansa, ga kuma hasken idona a ƙasa. Na ce wannan mai ladabi ne, tun kafin aure yana ce mata Hajiya. Na ɗauki jan biro na zagaye katin da furanni, na fesa masa turarena.

Da Malam ya zo shagon bai ɗaga murya ba. Ya yi cikakkiyar sallama, ya gaida Alhaja, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ibada, sannan ya ce yana son ganin mai rubuta takardun gidan nan. Doguwar rigarsa fara tas, hula a tsaye, alƙalami a aljihu.

Abin da ya faru shi ne, kayan sun isa ana shirin shan ruwa, gida cike da jama'a. Hajiya, uwar yarinyar, ba ta ga tabaronta ba, sai ta miƙa wa maigidan katin ta ce ya karanta mata. Maigidan kuwa mutum ne mai son a ji muryarsa. Ya karanta da ƙarfi, har ya kai "ban san ko zan iya" kafin ya gane inda maganar ta dosa. Washegari aka aika wa Malam cewa a dakata da zancen aure, sai ya zo da bayanin abin da yake nema wajen uwar 'ya'yan mutane.

"Ni na rubuta, Malam," na ce. "Amma kwafa na yi. Ga shi nan a kwamfuta da sunanka."

Ya sunkuya ya karanta, ya sake karantawa, leɓensa yana motsi.

"Sunana ne. Atamfar ma ni na zaɓa. Wannan maganar kuwa ban san ta ba."

Alhaja ta ƙwala wa ɗanta kira, ya fito daga ɗakin ajiya yana gyara riga.

"Malam, kwamfuta ba ta ƙirƙira," in ji Injiniya. "Abin da aka ba ta shi take ajiyewa. Wataƙila ka rubuta ka manta."

"In rubuta wa surukata haka, in manta?"

"Azumi ne. Kai yakan ɗauki zafi."

"Ɗan samari, ni ko 'yar tasu ban taɓa ce wa hasken idona ba."

Ya faɗi haka kamar mai miƙa takardar shaidar kyawun hali. A nan na fara tausaya wa yarinyar, tun ban gan ta ba.

Alhaja ta ba shi haƙuri ta ce ya ba mu lokaci. Sannan ta juya ga ɗanta. "Kai kuma, karatun nan da ka tafi ka bar ni da ɗaukar dila, yau ranarsa ta zo."

Injiniya ya fara daga inda masu irin iliminsa suke farawa, wato laifin kowa ban da nasa. Wayar Malam ta tsufa. Ɗaliban Malam ne suka ɗauki wayar suka yi masa tsiya. Wani maƙiyin shagon ne ya kutsa shafin. Ni ce na shiga na sauya saƙon saboda karance-karancena. Wannan na ƙarshen ya fi zama a ran Alhaja, har ta zaro littafin da nake ɓoyewa a ƙarƙashin shadda ta kulle a durowa, ana saura kaɗan a san ko jarumar za ta farfaɗo.

Da zargin ya ƙare sai ya kashe babbar kwamfutar da shafin yake kanta, ya sake kunnawa, ya zauna gwaji. Yana gwadawa kamar ɗalibi mai tsoron faɗuwa jarrabawa, ba ya barin gurbi ko ɗaya. Ya cike suna, ya cike unguwa, ya cike saƙo, ya danna, abin da ya rubuta ya fito daidai.

"Kin gani, Mama? Lafiyarsa ƙalau."

Bayan kunnawar aike ɗaya ko biyu suka shigo fayau kamar da, ya ce ya kori abin. Kafin la'asar sai ga barka da shan ruwa a kan aiken wata mata Kirista da ta sayi leshin coci. Ya sake kashewa ya kunna. Alhaja ta ce ko fankarmu haka ake yi mata, amma ba ta ji wanda ya je jami'a don ya koyi marin fanka ba.

A cikin kwanakin nan yarinyar ta zo. Farin takalmin asibiti ne a ƙafarta, mayafinta a naɗe, ta tsaya tana duba leshi har sai da Alhaja ta shiga salla. Sannan ta matso, ta buɗe jaka ta fito da katin. Gefensa har ya yi laushi saboda taɓawa.

"'Yar uwa, ke kika rubuta wannan?"

"Hannuna ne. Maganar kuwa da sunansa ta shigo."

"Na sani," ta ce. "Ni yake nufi. Kunya ce ta sa ya cusa a kayan Umma, ko kuma ya rikice wajen cikewa. Kin san shi da waya."

Ta zauna a kan dilar atamfa ta ba ni labari. Mutumin kirki ne, ita ta amince da shi da kanta, ba wanda ya matsa mata. Amma tun da yake zuwa zance, farashin mai yake kawo mata, da jadawalin jarrabawa, da halin ɗaliban zamani. Abu mafi daɗi da ya taɓa gaya mata shi ne karatun Alƙur'aninta ya fi na ƙanwarsa fita. Ana ƙara kusantar ranar, ita tana ƙara jin kamar makaranta za a mayar da ita. Sai ga katin.

"Lokacin da Baba yake karantawa kowa ya sunkuyar da kai," ta ce. "Ni kicin na gudu, don kada a ga ina murmushi. Ashe akwai mutum a cikin rigar nan."

Na riƙe hannunta. Wannan shi ne babin da na fi so a kowane littafi, inda ake gane cewa mai ɗaure fuska shi ya fi kowa ciwon so. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, irinsu ne idan suka buɗe baki ba a iya tsayar da su.

Malam kuwa kullum idan an tashi daga makaranta sai ya biyo ya ji ko an gano. Rannan na yi ƙarfin hali na tare shi a bakin ƙofa.

"Malam, da za ka ji shawarata, cewa za ka yi ita ka rubuta wa, ka yi kuskuren suna. Baba zai yi faɗa kaɗan ya huce. Ita kuma za ta ji daɗi."

Ya kalle ni kamar na kawo masa amsar jarrabawa a tafin hannu.

"In yi ƙarya da azumi a bakina?"

"To ka bari sai an sha ruwa."

"'Yan mata, mutuncina ake magana. A gidanmu ba a taɓa samun wanda ya yi irin wannan furuci ba."

Na yarda da shi. Da ganinsa ka san ba a taɓa ba.

Mahaifin yarinyar ya ce ba zai je shagon zannuwa sauraron shari'a ba, sai ya wakilta kawunta, wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai yawan dariya. Suka zo tare da Malam da hantsi. Injiniya ya ce tunda ga shaida, Malam ya ɗauko wayarsa ya maimaita abin da ya yi a ranar, kada ya ƙara, kada ya rage. Na ga alama so yake a kama Malam a gaban jama'a.

Malam ya zaɓi atamfa mai duhu. Ya rubuta sunansa a hankali da yatsa ɗaya, ya rubuta na Hajiya, ya sa unguwa. Ya kai hannu zai danna.

"Tsaya, Malam, ka bar ɗaya," in ji Injiniya.

"Wanne?"

"Saƙo."

"Me zan rubuta wa surukata?"

"Ko gaisuwa mana."

"Matar da idan na hango ta a layi nake sauya hanya? Ni da ko ruwa ba na sha a gabanta?"

Kawu ya ce wannan gaskiya ne, shi ma har tasa surukar ta rasu bai san kalar idonta ba.

"Amma ai kowa yana cikewa," in ji Injiniya, muryarsa ta ɗan yi ƙasa.

"Kai ka rubuta ba dole ba ne," in ji Malam, ya danna.

Duk muka juya ga kwamfutar shago. Aiken ya shigo da sunan Malam, zuwa ga Hajiya. A gurbin saƙo aka rubuta: "gwaji gwaji, Mama ta cika faɗa, gwaji."

Alhaja tana karanta Hausa sarai. Ta karanta, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Malam, kai ma ka ga na cika faɗa?"

"Alhaja, wallahi ban taɓa gurbin ba. Kowa ya gani."

"Na sani. Na san mai wannan bakin, ni na ba shi nono."

Kawu ya yi dariya har ya dafa dila. Injiniya ya karɓi wayar ya sake aikawa fayau, wannan karon a gaida yara ya fito. Ya sake, Mama ta dawo da faɗanta. Ya jawo kwamfutarsa ya buɗe rubutun manhajar, irin mai kama da tururuwa a kan baƙin allo, ya bi shi layi-layi da yatsa, gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Ban taɓa ganin ya yi aiki da gaske ba sai ranar, kuma ya yi masa kyau. Har na fara tunanin wani labari a kansa, na tuna da durowar Alhaja na fasa.

Da ya ɗago, bayaninsa gajere ne. Wajen da manhajar take riƙe saƙo, ya ajiye shi ne a waje ɗaya na kowa da kowa, maimakon kowane mai saye ya samu nasa sabo. Da, lokacin da take kwanciya bayan kowane aike, mantuwa take yi, laifin bai fito ba. Yanzu da ba ta kwanciya, idan mutum ya rubuta saƙo sai ya danne na baya, idan kuwa ya bar gurbin fayau, sai na wanda ya gabace shi ya zauna daram. Kuma manhajar ba ɗaya ce take aiki ba, an raba ta gida-gida don sauri, kowace da abin da ta riƙe, shi ya sa yau wannan gobe wancan.

Malam ya gyara zaman hula. "Wato ba ka goge allo ba kafin wani ajin ya shigo."

"Kusan haka."

"Kuma ajujuwan da yawa."

"E, Malam."

"A makarantarmu ɗan aji ɗaya ake ba wannan aikin."

Gyaran bai kai tsawon alwala ba. Da aka bi tsofaffin aike, aka tarar hasken idona na mai sayar da wayoyin nan ne shi kaɗai. Shi yake ta sake zuba shi, don kusan kowane mako yana aike, kalmomin ba sa canzawa, sunan budurwar ne yake canzawa, da unguwarta. Na daɗe ina ganin haka, na ɗauka ɓoye suna take yi saboda tsoron iyaye.

Kawu ya koma ya ba da labari, an ce sai da ya kwaikwayi fuskar Alhaja. Maigidan ya huce, ya ce dama shi bai taɓa zargin Malam ba. Hajiya ta kai atamfar wajen tela. Aka ce maganar aure tana nan a ranarta. Malam ya zo ya yi wa Alhaja godiya, ya yi wa Injiniya nasiha a kan tsoron Allah a cikin sana'a, ni kuma ya ce rubutuna yana da kyau amma in rage furanni.

Bayan Sallah kaɗan yarinyar ta dawo shagon. Ta zo ne ta ce a dakatar da ankon da ƙawayenta suka zaɓa.

Ta ce a daren da aka wanke Malam daga zargi ya zo zance da fara'ar da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Ya zauna ya yi mata bayanin allo da ajujuwa tun daga farko, ya tabbatar mata ko harafi ɗaya ba nasa ba ne, ya ce ta gaya wa ƙawayenta ma, don kada a riƙa yi masa wani kallo. Ta bari ya gama. Sannan ta ce, to ta ji, amma da a ce ita zai aika wa, da me zai rubuta? Ya shiga tunani, tsakani da Allah yake tunanin, sannan ya ce ai shi ya sa aka ce gurbin ba dole ba ne.

"Ban yi fushi ba," ta ce. "Gaskiya ya faɗa. Shi kullum gaskiya yake faɗa. Na duba na ga haka zan yi ta jin gaskiya har in tsufa."

Ta gaya wa mahaifinta ta fasa. An yi ta rarrashi, an turo gwaggo, an turo kawu, ta ce a mayar masa da kayansa. Mahaifin nata ya ce shi bai taɓa jin an ƙi mutum don an tabbatar ba shi da laifi ba. Kafin ta tafi ta tambaye ni wane ne ainihin mai maganar katin. Na gaya mata, har da jerin unguwannin. Ta yi dariya sosai, ta sayi ɗankwali ɗaya, ta tafi asibiti.

Gurbin saƙo ya koma yadda yake, fari fat, ni kuma na koma rubuta "Daga wane". Matar ɗan fanshon nan ta taɓa aiko a tambaya ko mun sauya mai rubutu.

Malam bai daɗe ba ya auri wata 'yar uwarsa daga garinsu. Ya bar aji, ya zama mai kula da makarantu, ya yi ƙiba daidai gwargwado. 'Yan shekarun nan kuma sai ya yi suna wajen wa'azin walima. Duk auren da ya amsa sunansa a Fagge da Rijiyar Lemo shi ake gayyata, kuma darasinsa ɗaya ne: muhimmancin daddaɗan kalami tsakanin miji da mata. Na taɓa zama a bayan rumfa na saurare shi. Ya jero hujjoji da Larabci, ya fassara, ya ce mace kamar shuka take, da magana ake ba ta ruwa, kuma mazan Kano sun bar gonakinsu sun bushe. Mata suna ta gyaɗa kai, wasu suna ɗauka a waya don su tura wa mazajensu.

Matarsa a wajena take sayen atamfa, don yanzu ina da ɗan shagona a Sabon Gari. Mace ce mai haƙuri, ba ta son kala mai haske. Rannan ina naɗe mata kaya na ce lallai ta dace, mai irin wannan wa'azi ko a gida sai an toshe kunne. Ta ce alhamdu lillahi, ba ya rage ta da komai, shinkafa buhu yake sawowa. Na ce to wane suna yake kiran ta da shi? Ta ɗan yi tunani, tana gyara wa ƙaramin ɗanta hula.

"Idan yana kusa, 'ke'," ta ce. "Idan yana nesa, sai ya aiko yaro."